Waqar Younis: mai jifan da ya lanƙwasa tsohuwar ƙwallo, ya sha wuya a kujerar koci

A Pakistan, wasan kurket ya fi ƙwallon ƙafa farin jini nesa ba kusa ba, kuma cikin sunayen da magoya baya ba sa mantawa akwai na Waqar Younis. Kafin a gane abin da ya yi, sai an san yadda wasan yake. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 11. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai tauri, wadda aka naɗe da fata, daga tazarar mita 20, yana neman buge sanduna uku da aka kafa a ƙasa. Wani kuma yana tsaye gabansu da faffaɗan katako, yana kare su, yana kuma make ƙwallon don tara maki. Idan sandunan suka faɗi, mai bugun ya fita. Masu jifa da ƙarfi suna zabga gudu kafin su saki ƙwallon, har takan wuce kilomita 140 a awa.

An haifi Waqar a 1971 a lardin Punjab, ya yi ƙuruciyarsa a Sharja ta Daular Larabawa, inda mahaifinsa ke aiki. Imran Khan, kyaftin ɗin ƙasar a lokacin, wanda daga baya ya zama firaminista, shi ya hango shi a tele ya jawo shi. Wasansa na farko na kwana biyar ya yi shi da Indiya a Karachi a Nuwamba 1989, rana ɗaya da Sachin Tendulkar, yaron da ya zama gwarzon Indiya.

Makaminsa shi ne tsohuwar ƙwallo. Sabuwa takan karkata a iska, wannan kowa ya sani, kuma da ta tsufa masu bugu kan samu sa'ida. Ƴan Pakistan sun gano wata dabara: a riƙa goge gefe ɗaya ya yi sheƙi, a bar ɗayan ya yi kaushi. In aka jefa ta da matuƙar ƙarfi, sai ta juya zuwa gefen mai sheƙi, saɓanin yadda aka saba, kuma sai ta kusa isowa take juyawa, lokacin da mai bugu ya riga ya yanke shawara. Sarfraz Nawaz ya koya wa Imran, Imran ya koya wa Wasim Akram da Waqar. Shi Waqar yakan auna yatsun ƙafar mai bugu, mutum ya rasa ko ƙafarsa zai ceta ko sandunan. Da wannan ya fitar da mutum 373 a wasanni 87 na kwana biyar, da 416 a wasannin yini ɗaya.

Ba a bar shi ya ci lafiya ba. Ciwon baya ya hana shi zuwa gasar cin kofin duniya ta 1992, wadda Pakistan ta lashe. A shekarar ce jaridun Ingila suka zarge shi da Wasim da karce ƙwallo, ko da yake daga baya ƴan Ingilan kansu sun koyi dabarar. A 2000 kuwa an dakatar da shi wasa ɗaya a Siri Lanka bisa laifin taɓa ƙwallo. Ya ajiye wasa a 2004, bayan an kori ƙasarsa tun zagayen farko na kofin duniya na 2003 yana kyaftin.

Aikin koci ya zo masa da matsalolin da gwanintar jifa ba ta magancewa. Ya karɓi ragamar tawagar a Maris 2010, lokacin da ƙasashe suka daina zuwa Pakistan wasa saboda harin da aka kai wa ƴan wasan Siri Lanka a Lahore a 2009. Ko wata shida bai cika ba, wata jaridar Ingila ta bankaɗo cewa ƴan wasansa uku sun shirya kuskuren ganganci a filin Lord's na Landan don masu caca. Cikinsu har da kyaftin Salman Butt, da Mohammad Amir, ɗan shekara 18, wanda ake wa kallon magajin Wasim. Dukkansu an dakatar da su, an kuma ɗaure su. Duk da haka Waqar ya kai ragowar tawagar wasan kusa da ƙarshe na kofin duniya na 2011, inda Indiya ta fitar da su. Ya yi murabus a shekarar.

Ya dawo a 2014, suka doke Ostireliya wasa biyu ba ko ɗaya a Daular Larabawa, kuma a hannunsa Amir ya dawo wasa a farkon 2016. Amma bayan sun sha kashi a gasar gajerun wasanni a Indiya, rahoton sirri da ya rubuta wa hukumar kurket, wanda ya soki shugabancin kyaftin Shahid Afridi, ya faɗa hannun ƴan jarida. A Afrilu ya sauka. A 2019 ya amince da muƙamin da bai kai na da ba, na horar da masu jifa kaɗai ƙarƙashin Misbah-ul-Haq, mutumin da ya taɓa zama kyaftin a ƙarƙashinsa. Tare suka ajiye aiki a Satumba 2021, ana sauran ƴan makonni a fara wata gasar duniya.