Rinin da Ke Nuna wa Likita Iyakar Ƙarin Ƙwaƙwalwa

Abin da ya fi wahala a tiyatar ƙarin ƙwaƙwalwa shi ne gane inda ƙarin ya tsaya da inda lafiyayyen nama ya fara. Sankarar da ake kira giliyobilastoma, wadda ta fi kowace muni cikin masu tasowa a ƙwaƙwalwar manya, tana kutsawa cikin naman da ke kewaye da ita kamar yadda ruwa ke shiga yashi, har ya zamana a ƙarƙashin farin haske gefenta da lafiyayyen wuri kusan kamarsu ɗaya. In likita ya yi ragowa, cutar ta dawo da wuri. In kuma ya zarce, majiyyaci na iya farkawa da shanyewar ɓarin jiki ko ɗaukewar magana. Hoton MRI da aka ɗauka kafin aiki yana yi masa jagora, sai dai da zarar an buɗe ƙoƙon kai, ruwan ciki ya zuba, ƙwaƙwalwar takan ɗan gusa, hoton ya daina dacewa da abin da ke gabansa.

Wannan giɓi ne sinadarin 5-ALA ya rage. Ana narkar da shi a ruwa majiyyaci ya sha, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyinsa, kamar awa 3 kafin a sa shi barci. Shi kansa sinadarin ba ya ƙyalli, kuma jiki ma yana yin irinsa a matakin farko na haɗa launin jan jini. Amma ƙwayoyin sankara, da yake aikinsu ya gurɓace, sukan juya shi zuwa wani sinadari mai suna furotofofirin, su tara shi a cikinsu. Idan likita ya kunna shuɗin hasken madubin tiyata, tsakiyar ƙarin sai ta yi ja, gefensa ya yi ruwan hoda, lafiyayyen nama kuwa ya zauna shuɗi.

Likitan Jamus Walter Stummer ne ya jagoranci gwajin da ya tabbatar da amfanin hanyar, wanda mujallar Lancet Oncology ta buga a 2006. An cire duk ƙarin da hoto ke nunawa a kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka sha sinadarin, alhali a waɗanda aka yi wa aiki da farin haske kashi 36 ne kacal. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2007, Amurka kuwa sai a 2017.

Ya wajaba iyalan majiyyaci su fahimci iyakar wannan nasara, domin launin yana nuna inda cutar take ne kawai, ba ya faɗin ko yanke wurin zai yi lahani. Wuri kan yi ruwan hoda alhali ta nan jijiyoyin magana ko na motsi suka ratsa, shi ya sa ake haɗawa da gwada sassan ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki, wani lokaci ma majiyyaci na farke yana amsa tambaya. Akasarin ƙari mai saurin girma ne ke ƙyalli, mai tafiyar hawainiya bai cika yi ba, kuma ko an kwashe duk abin da ya yi launi, sai an bi da gashi da magungunan sankara. Bayan aiki ana kare majiyyaci daga rana da haske mai ƙarfi na kwana 1 zuwa 2, saboda fatarsa na iya ƙuna.

Akwai kuma tsohon rini, fuloresin, wanda likitocin ido suka daɗe da sani, wanda George Moore ya gwada kan ƙarin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Minnesota tun ƙarshen shekarun 1940. Ta jijiya ake ba da shi, ya yoyo ta inda ƙari ya lalata shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ya ba da launin rawaya. Bai kai 5-ALA tantancewa ba, tunda yoyon jijiya yake bi, amma araharsa ta sa ya cancanci kulawar asibitocin da kuɗin 5-ALA ya fi ƙarfinsu.