Dillali Daban, Wakilin Gida Daban

Tun da Majalisar Dokokin Jihar Legas ta ɗauko ƙudirin rage la'adar dillalan gidaje zuwa kashi 5 cikin 100 na kuɗin hayar shekara a 2025, mutane da dama suka ɗauka an gano maganin rikicin haya. An dai haɗa aiki biyu ne wuri guda. Dillali yana cin la'ada sau ɗaya, ranar da ɗan haya ya shiga, don haka fitar wani da shigar wani riba ce a gare shi. Wakilin da ke kula da gida kuwa, abincinsa yana cikin zaman ɗan haya lafiya, da biyan kuɗi a kan kari, da toshe yoyo kafin damina ta ci rufi. Wanda ya zuba dukiyarsa a gidan haya ya damƙa wa dillali wannan aiki, ya ba kura ajiyar nama.

Abin takaici shi ne mun manta cewa Hausawa sun daɗe da sanin wannan sana'a. A Sabo, unguwar Hausawa da aka kafa a Ibadan a 1916, da zangon Kumasi da Salaga, fatoma ko mai gida ne ke saukar fataken goro da shanu, ya adana kayansu da kuɗinsu, ya tsaya musu lamuni idan mahauta suka ɗauki shanu bashi. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana tsarin a littafinsa na 1969. Jarin fatoma sunansa ne. Ya ci amanar falke guda, labari zai riga shi isa Kano, gidansa ya koma kango. Fikihu ma ya ɗauki wakili a matsayin amintacce, wanda ake ɗora wa asara idan ya yi sakaci. To, wannan ne ma'aunin da ya kamata mai gidan haya ya riƙe yau: me wannan wakilin zai rasa in ya cuce ni?

Za a ce kamfani mai rajista da ESVARBON, hukumar rajistar ƙwararrun masu kula da gidaje da filaye wadda doka ta kafa a 1975, yana da tsada, alhali ga ƙani ko suruki zai yi kyauta. Gaskiya ne, kuma rajista kaɗai ba ta sa mutum ya zama mai amana. Amma mai rajista yana da lasisin da za a iya ƙwacewa, suruki kuwa kunya ba za ta bari ka ce ya kawo rasit ba. A rubuta yarjejeniya, kuɗin haya ya shiga asusun mai gida kai tsaye, a kuma je a tambayi 'yan hayar gidajen da wakilin ke riƙe da su.

Gwamnatocin jihohin Arewa kuma su daina jiran Legas. A buɗe rajistar dillalai da wakilan gidaje, wadda kowa zai iya dubawa kafin ya miƙa makullinsa.