Layin 1961 da gonakin da suka tsallake shi a arewacin Adar

A ranar 26 ga Mayu 1961, ƙasa ba ta ko cika shekara da samun 'yanci ba, gwamnatin Diori Hamani ta kafa dokar da ta raba Nijar gida biyu. Kudu ƙasar noma ce. Arewa kuwa, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 350 ba, an bar wa kiwo: ba a saran sabuwar gona, sai ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa, kuma in dabba ta ci shukar da aka yi a can babu diyya. Layin ya ratsa jihar Tawa ta inda duwatsun Adar ke ƙarewa, Azawak ta fara. A takarda dokar tana nan daram. A ƙasa kuwa gero ya daɗe da tsallake ta, ya nufi wajejen Abalak da Cintabaraden, ga kuma shinge yana biye da shi.

Dalili na farko yawan jama'a ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3.3 a jihar Tawa kaɗai, kusan adadin mutanen ƙasar duka a lokacin da aka ja layin. Gandun da uba ya noma shi kaɗai an raba shi tsakanin 'ya'ya da jikoki, saura ta ƙare, ƙasa ta gaji ta koma faƙo. Garin Tawa ma yana cin gonakin gefensa, ana yanka su filaye, mai gona ya karɓi rabonsa ya nemi wata ƙasar can gaba. Amma kuskure ne a ɗora komai a kan Ba'adaren da ya hau arewa da kalme a kafaɗa. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe garken Buzaye da Fulani, da yawansu suka zauna wuri guda suka kama noma. Wasu kuma sun shuka ne don sun gane inda hukuma ta karkata. Tun daga 1974, da shugaba Seyni Kountché ya shelanta cewa ƙasa ta mai noma ta ce, kowa ya fahimci cewa kunya guda ta gero ta fi shekara ɗari ta kiwo ƙarfin shaida a gaban sarki da alƙali. Makiyayi sai ya yi gona a bakin rijiyarsa don kada wani ya riga shi. Na ƙarshe, kuma mafi haɗari, su ne masu kuɗi da manyan garke, waɗanda ke haƙa rijiya ko fanfo, su kewaye daji da waya, su mai da makiyayar jama'a tasu.

Sakamakon yana bayyana ne da kaka. Ruwan tafkunan arewa ya janye, dabbobi dole su gangaro kudu, alhali manomi bai gama kwashe dammunansa ba, hukuma kuma ba ta ba da ranar sakin gonaki ba. Burtalin da dā garke ke wucewa a sake yanzu gona ta matse shi dama da hagu, mashaya kuma an zagaye ta da lambun albasa. Yaro ɗaya da sanda ba zai iya tsare shanu hamsin a irin wannan lungu ba. Abin da ya faru a Bangi ta Madawa a Nuwamban 2016, inda aka yi asarar rayuka kusan ashirin, ya nuna inda maganar ɓarna ke kaiwa in babu mai raba ta da wuri. Gonar arewa kuma ba ta cika fitar da mai ita ba: shekara ɗaya ta ba da, biyu ta hana, iska ta kwashe ƙasar da aka tone, a rasa hatsin a rasa ciyawar.

Duk da haka, in aka auna dokokin Nijar da na maƙwabta, ba a nan matsalar take ba. Kundin dokar karkara na 1993 ya daidaita haƙƙin gado na gargajiya da na takarda, ya kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda daga baya aka samu tun daga ƙauye har gunduma, inda sarakai da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya ke zama tare. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawo da dabba haƙƙi ne, ta sake tabbatar da layin 1961, ta kuma hana kowa mallake makiyaya shi kaɗai. Muritaniya a 2000 da Mali a 2001 sun bi hanya mai kama da wannan. Najeriya ta ɗauki wata: dokar 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, wuraren kiwon da dokar Arewa ta 1965 ta tanada akasarinsu ba a tabbatar da su ba har aka cinye su, a 2017 kuma jihar Binuwai ta haramta kiwon sake gaba ɗaya. Wannan hanyar ba ta kawo zaman lafiya ba, kuma a Azawak ba za ta taɓa yiwuwa ba, domin inda ruwa ke sauka nan bana, can baɗi, dabbar da aka tsare wuri guda mutuwa take yi.

Akwai masu cewa layin ya tsufa, a share shi a ba kowa takardar inda yake. Suna da hujja: ƙauyukan da suka shekara arba'in a bayan layin ba za a tashe su ba, kuma bai kamata ba. Sai dai ranar da aka buɗe ƙofar mallaka a arewa, ba talakan da ya shuka kadada biyu ne zai fara isa ofis ba, mai waya da mota ne. Wasu kuma na cewa ciki ya fi doka, mai yunwa ba ya duba taswira. Haka ne, amma Adar da kanta ta nuna akwai ƙasa a kudu da za a iya farfaɗowa. Aikin Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, da ramukan tassa da manoman Illela suka yawaita tun ƙarshen shekarun 1980, sun mai da faƙo gona. Mutum ya haƙa rami da rani, ya zuba taki tafi biyu, ruwan farko ya taru a ciki, gero ya tsaya inda dā ko ƙaya ba ta fita.

Abin da ya rage aiki ne da kuɗi. Kofo da yawa ba su da abin hawa, ba su da kuɗin zuwa auna burtali sai wata ƙungiya ta biya, aikin ƙungiyar ya ƙare su ma su tsaya. Ya kamata jihar Tawa ta yi wa ƙauyukan da ke bayan layin iyaka sananniya, izinin noma ba na sayarwa ba, a kafa turakun siminti a burtali da mashaya, a sa kuɗin Kofo cikin kasafin kowace ƙaramar hukuma. Kafin a tuhumi mai kalme kuwa, a fara cire wayar da aka kewaye dajin jama'a da ita, domin dokar 2010 ta riga ta haramta ta.