Yadda Ma'aikatan Lafiya Ke Gane Ciwon Damuwa Ga Mai Jego

A ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, idan mace ta haihu hankalin kowa kan koma kan jariri da hidimar suna. Ba kasafai ake tambayar mai jego abin da ke ranta ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da ciwon damuwa ko makamancinsa bayan haihuwa.

Kukan da kan zo wa mace kwana 3 zuwa 5 da haihuwa ba abin tsoro ba ne, yakan wuce da kansa. Ma'aikaciyar lafiya takan lura ne idan abin ya zarce mako 2. Ranar da aka kawo jariri rigakafin mako 6, wato bayan an yi arba'in, nan take samun damar keɓewa da uwar.

Ba ta cewa "Kina da damuwa?", don mace mai kunya, balle mai haihuwar fari, "lafiya lau" za ta ce. Sai ta bi ta gefe. Idan jariri ya yi barci, ke ma kina samu? Abinci na shiga? Hira da matan gida tana yi miki daɗi kamar dā? Kina ɗora wa kanki laifi? Da yawa ma ciwon kai ko faɗuwar gaba suke kawowa. Akwai takarda mai tambayoyi 10 da likitocin Edinbura suka fitar a 1987, wadda akan karanta wa wadda ba ta iya karatu ba. Ungozoma da mai yi mata wankan jego su ma shaidu ne, su ke ganin ko ta daina kula da kanta.

Sai dai ba kowace kasala ce damuwa ba. Ƙarancin jini na kawo ta. Idan kuma akwai haki da kumburin ƙafa, ciwon zuciya ake zargi, wanda likitocin Zariya suka daɗe da alaƙantawa da yawan kunun kanwa. Don haka akan duba jini da hawan jini.

Ciwon yana warkewa da shawarwari, da taimakon miji da dangi, wani lokaci da magani. Amma matar da ke sambatu, ko jin muryoyi, ko maganar kashe kanta ko cutar da jariri, kada a tsaya cewa iska ce ko sammun kishiya. Kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta Babban Asibitin Dutsin-Ma a ranar.