Grand-Bassam: Yini Guda a Garin da Sauro Ya Ƙwace wa Sarauta

Duk ranar Asabar da Lahadi, hanyar da ta tashi daga Abijan ta yi gabas cika take yi da motoci. Mutanen birni ne suke gudun hayaniya, sun nufi Grand-Bassam, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka. Galibinsu da isa sai bakin teku: a kama rumfa, a sa a gasa kifi, a saki kiɗa har la'asar sakaliya, a juyo gida. Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da harka ta kai shi Kwaddibuwa, ya samu rarar yini ɗaya, idan ya bi wannan ayari zai sha iska, amma garin kansa ba zai gan shi ba. Abin kallon Bassam yana cikin tsofaffin titunanta, kuma da ƙafa ake ganinsa, da sassafe, a ranar aiki.

Zuwa ba wuya. Babbar hanya ce mai shingen biyan kuɗi, kuma filin jirgin saman Félix Houphouët-Boigny a wannan ɓangaren yake, don haka wanda ya sauka daga Legas, Abuja ko Yamai zai iya wucewa kai tsaye ba tare da ya shiga cunkoson birni ba. Mai son sauƙin kuɗi ya je tashar Bassam da ke unguwar Treichville, ya shiga motar haya. Sefa ake kashewa, Faransanci ake ji, ko da yake Julanci na biyan buƙata a kasuwa. Katin rigakafin shawara kuwa dole ne kafin a shiga ƙasar, kuma babu garin da ya fi Bassam sanin dalilin wannan doka.

A 1893 Faransawa suka mai da garin hedkwatar sabuwar ƙasar mallakarsu, Louis-Gustave Binger ya zama gwamna na farko. Shi ne hafsan nan da ya taso daga Bamako a 1887, ya ratsa Kong, ya leƙa Salaga, kasuwar goron da fataken Hausa suka sani sarai, ya ɓullo bakin teku a nan Bassam a 1889. Sarautar garin ba ta yi tsawon rai ba. A 1899 annobar shawara, wadda sauro ke yaɗawa, ta yi wa Turawan garin kisan kiyashi, waɗanda suka tsira suka tattara komatsansu suka koma Bingerville a 1900. Ciniki dai ya ci gaba, domin jiragen ruwa na tsayawa a nan su ɗebi katako, manja, koko da kofi. Sai da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwan Abijan ta buɗe a shekarar da ta biyo, sannan kasuwa ta watse. Har hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya aka kashe.

Wannan watsi da aka yi da garin shi ya cece shi. Da kuɗi sun ci gaba da shigowa, da tuni an rushe gidajen an kafa benaye na gilashi. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Unguwar da ake kira Quartier France tana kan siririn yashi, teku a kudu, tafkin Ouladine a arewa. Ana shiga ta kan gadar Pont de la Victoire, kuma ya kamata baƙo ya ɗan tsaya a kanta. A watan Disambar 1949 mata suka tako daga Abijan don neman a saki shugabannin jam'iyyar PDCI-RDA da ke tsare a kurkukun Bassam, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié. A wannan gada jami'an tsaron mulkin mallaka suka tare su da duka da feshin ruwa. Marie Koré na daga cikin waɗanda suka ja ragamar tattakin, kuma akwai mutum-mutumin tunawa da matan a garin.

Daga nan sai tsohuwar fadar gwamna, wadda ta zama gidan tarihin tufafi na ƙasa. Ginin kansa darasi ne kan yadda ake zama da zafi kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki: baranda ta kewaye shi, rufi mai tsayi, tagogin katako masu barin iska ta ratsa. A ciki akwai kayan sarakunan Akan, saƙar Baule da ta Senufo, tufafin ɓawon itace, da tsofaffin hotuna. Wanda ya san saƙi da rinin Ƙofar Mata zai daɗe a gaban wasu zannuwan. Awa ɗaya ta isa, kuma ɗan jagora ya cancanci ɗan abin goro.

Ɓangaren 'yan kasuwa ya fi ban tausayi. Manyan gidajen fatake, irin su gidan Ganamet da aka gina wajajen 1920, suna tsaye ba rufi, itatuwa sun tsiro a cikin falo, saiwoyi sun rungume bango. Masu ɗaukar hoto na son su a haka, amma gaskiyar magana ita ce gishirin teku da sakaci na cinye su, kuma ambaliyar 2019 ta ƙara musu rauni. Kada a hau bene don neman hoto mai kyau. Gaba kaɗan ƙauyen N'zima ne, inda ake bikin Abissa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da talaka ke da damar faɗa wa masu mulki laifinsu a bainar jama'a cikin waƙa da rawa. A makon bikin masauki na wuya, sai an kama tun da wuri.

Da rana ta take, sai a nemi abinci. Acheke, wato dambun rogo, da gasasshen kifi shi ne sarki a nan, ga soyayyar ayaba da suke kira aloko. Mai ƙaramin aljihu ya nemi garba, wato acheke da soyayyen kifin tuna da barkono. Da yawa daga cikin masu sayar da shi 'yan Nijar ne, saboda haka gaisuwa da Hausa takan samu amsa.

Teku kuwa na kallo ne. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki, kuma ta ci gwanayen iyo ba ɗaya ba biyu ba. A jiƙa ƙafa a koma inuwa. A wannan bakin tekun ne 'yan bindiga suka kai hari ranar 13 ga Maris 2016, suka kashe mutum 19; tun daga nan aka ƙara tsaro, don haka a riƙe takardar shaida a aljihu.

Ruwan sama ya fi yawa daga Mayu zuwa Yuli, Disamba zuwa Maris kuma sun fi daɗin yawo. Tsaraba tana kan hanyar dawowa, a rumfunan masu sana'ar hannu da ke jere a mashigin gari: sassaƙa, batik, kayan tagulla, kwanduna. Farashin farko na baƙo ne, a taya ba kunya. Wanda ya kuskura ya je ran Lahadi kuma, ya kama hanya kafin ƙarfe 4, in ba haka ba tafiyar minti 45 za ta kai shi har bayan isha'i.