Shin Ko Kun San? Ɓuntun Shinkafa Na Iya Kama Gubar Cikin Ruwa

Shin ko kun san cewa a duk kilo 100 na shanshera da aka kai inji, kusan kilo 20 ɓuntu ne? Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noma ya bunƙasa a fadamun Kalgo da Bunza da Argungu, injinan casa suka yawaita, tsibin ɓuntu kuma ya yi ta tashi a bayansu. Dabba ba ta marmarinsa, ruɓewa ma sai ya ga dama, saboda sinadarin silika da ya cika shi. Mata masu turara shinkafa su ɗebi na hura wuta, masu kaji su ɗebi na shimfiɗa, sauran a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi.

Shin ko kun san cewa ruwa na iya zama garau alhali da guba a cikinsa? Alif da garin 'ya'yan zogale laka suke kwantarwa. Tafasawa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa. Amma yawancin maganin ciyawa da na ƙwari da ake fesa wa shinkafa a Kalgo, ko albasa a lambunan Gwandu da Aliero, idan ya narke ya bi ruwa, ba ya jin tsoron tukunya. Rijiyar fadama ba ta da zurfi, kuma sau da yawa a bakinta ake wanke gorar feshi.

Shin ko kun san cewa gawayi na cikin 'yan abubuwan da ke iya kama irin wannan guba? Cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma idan ruwa ya ratsa, gubar sai ta manne a bangon ramukan, ruwan ya wuce. Ingantaccen gawayi, wanda aka gasa da tururi a zafin digiri 800 zuwa 1,000, giram ɗaya nasa na ɗauke da bangon ramuka mai faɗin murabba'in mita 1,000 ko kusa da haka. Giram bakwai ke nan su rufe filin ƙwallo.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1785 wani masanin haɗa magunguna mai suna Tobias Lowitz ya gano a birnin St. Petersburg na Rasha cewa gawayi na cire launi daga ruwa. A yaƙin duniya na farko kuwa, a 1918, an yi ta yekuwa a Amurka mutane su tara ƙwallayen 'ya'yan itatuwa, don a yi gawayin da ake sa wa a takunkumin kare sojoji daga iskar guba. Har yau asibitoci na ba wanda ya haɗiyi wasu nau'o'in guba irin wannan gawayi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Shin ko kun san cewa ruwan ledar da kuke sha, idan masana'antar ta bi ƙa'ida, sai da ya ratsa ta cikin gawayi kafin a ƙulle shi? Mafi kyawunsa daga ƙoƙon kwakwa ake yi, a ƙasashe irin su Siri Lanka da Indiya da Filifin. Shara ce a can aka mai da ita haja, mu kuma muke saye da dala. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai: ɓuntu, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da ƙwallon goruba duk ana iya yin gawayin tace ruwa da su, ga su kuma zube a kowace kasuwa daga Gwandu har Kalgo. Maƙwabtanmu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun riga sun gwada yin sa da ƙwallon aduwa da na magarya.

Shin ko kun san cewa ba kowane gawayi ne ke wannan aiki ba? Gawayin girki, wanda ake turbuɗe itace a ƙasa ya ci a hankali, zafinsa bai cika wuce digiri 500 ba, ramukansa kuma sun toshe da kwalta. Zai rage wari, ya gyara ɗanɗano, amma kamun gubarsa kaɗan ne. A wasu ƙauyukan Tailan da kan iyakarta da Myanmar, ana amfani da durom da aka huda masa gindi, a cika shi da guntayen itace ko totuwa, a kunna wutar daga sama, iska ta riƙa shigowa ta ƙasa har zafin ya kai wajen digiri 900. Gawayin da ya fito sai a daka, a zuba a durom na uku cikin jerin guda huɗu: na farko tsakuwa, na biyu yashi, na uku gawayi, na huɗu ma'ajin ruwa. Babu lantarki, babu kayan waje. Duk maƙerin da ke iya yin kurfoti zai iya haɗa shi.

Sai dai a yi hattara, don nan ne rai ke ciki. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin kwalara ko taifot, saboda haka ruwan da ya fito daga matatar sai an tafasa ko an sa masa kulorin. Ba ya cire gishiri, ba ya cire takin zamani da ya narke. A cikin magungunan feshi ma yana da zaɓi: yana kama atarazin da 2,4-D sosai, amma gilaifoset, wanda ya fi kowanne yawa a shagunanmu, yakan kuɓuce masa. Kuma ramukan na cika. Idan suka cika, sai a canza shi, a binne tsohon nesa da rijiya, kada a dafa abinci da shi.

Shin ko kun san cewa Gamalin da wasu ke zubawa a gulbi don kama kifi, sinadarin da ke cikinsa, lindan, tun 2009 aka sa shi cikin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta? Yakan daɗe bai lalace ba, ya taru a kitsen kifi, daga nan ya shiga jikin mai ci. Gulbin da ya ratsa Argungu shi ne ya bi ta gefen Birnin Kebbi da Kalgo ya gangara Kogin Neja. Abin da aka zuba a sama, na ƙasa ne zai sha.

A wasu wuraren har doka ta shigo cikin wannan batu: ƙasar Suwizalan, tun daga 2016, ta wajabta wa manyan matatun ruwan dattinta kusan 100 su ƙara matakin cire ragowar magunguna, ko dai da gawayi ko da iskar ozon.

Shin ko kun san cewa mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ne, a tsakiyar ƙasar shinkafa? Kirana ga malamanta da takwarorinsu na jami'ar da ke Aliero shi ne su auna ruwan rijiyoyin fadama a lokacin feshi, su gwada gawayin ɓuntunmu a kansa, sannan su fito rediyo su faɗi sakamakon da Hausa. Kai kuma ɗan'uwa manomi, kafin a kai ga wannan, ka ɗebi ruwa ka ja nesa da rijiya da gulbi kafin ka wanke gorar feshi, kuma kada ka bari a zuba ruwan sha ko man girki a kwalbar maganin da ta ƙare.