Ina uwar sussuka?

Da kaka ne, a bayan garin Jiratawa, inda mata ke jera turame. Wata ɗiyar ƙanwata ta ajiye taɓarya ta ce, "Kawu, don mi ake cewa sussuka, kamar mai in'ina?" Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har Maraɗi.

Aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. A kwance damin hatsi, wato gero a bakin mutanen nan, a cusa zangarniya cikin turmi, a yi ta lugude har ƙwaya ta rabu da ƙaiƙayi, sannan a sheƙe a iska. Surfe daban yake, shi sai an yayyafa ruwa dusa ke fita.

Na fara da in'inar. Bahaushe in aiki ya maimaitu yakan ninka kan kalma: daka ta zama daddaka, buga ta zama bubbuga. Asali dak-daka ne, harafin gaba ya haɗiye na baya. Ashe sussuka suk-suka ce. To, ina uwar da aka ninka?

Nan na yi saurin murna. Na ce suka ce mana, irin ta mashi, tunda taɓarya sukar turmi take. Kwana biyu ina taƙama da wannan, sai kunnena ya ƙaryata ni. Faɗi "sukar mashi" a hankali: wasalin dogo ne, ana jan sa. A sussuka kuwa gajere ne, tsaf. Kuma soka in an ninka ta sossoka take bayarwa. Zancena ya rushe.

Mafita ta zo daga littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya fitar a 2000, inda ya yi bayanin aikatau masu ninki waɗanda tilonsu ya ɓace daga harshe. Muna sansana turare, amma ba mai "sana" shi. Muna girgiza kai, ba mai "giza" shi. A ganina sussuka cikin waɗannan marayun take. Kuma mutuwar uwar ba ta ban mamaki: wa ya taɓa raba ƙwaya da zangarniya da bugu ɗaya?

Da na koma Jiratawa na kwashe duk wannan na gaya wa yarinyar. Ta ce, "To Kawu, marainiya ce ke nan," ta miƙo mini taɓarya. Bugu goma na yi, kafaɗata ta ce ta gaji.